Wa Doka Ta Ba Izinin Sauraron Wayarka a Najeriya?

Ina da maƙwabci mai rumfar cajin waya a bakin tasha. Wata rana da la'asar wasu mutum uku sanye da kayan gida suka tsaya a rumfarsa, ɗaya ya danna lamba, waya ta yi ƙara a aljihun maƙwabcin nawa, suka ce ya biyo su. Kwana huɗu ya yi a hannunsu. Ashe wani da ake nema ne ya taɓa aron wayarsa ya yi kiran da bai wuce minti biyu ba. Da ya dawo muka je yi masa barka da arziki, sai ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, don Allah wai doka ta ba su dama su riƙa jin duk abin da muke faɗa a waya?" Na ce masa ta ba su, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan ya kamata duk mai riƙe da waya ya san su.

Tushen maganar yana sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999. Sashen ya ce an tabbatar wa ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Wato asali, abin da ka faɗa wa matarka ko abokin cinikinka a waya naka ne, babu ruwan hukuma da shi. Sai dai sashe na 45 ya bar ƙofa: ana iya yin dokar da za ta taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, matuƙar dokar abu ce da hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Duk wata takaddama kan satar sauraro tsakanin waɗannan sassa biyu take kaiwa da komowa.

Ta wannan ƙofa aka shigo da ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2019, bisa ikon da dokar sadarwa ta 2003 ta ba ta. Ƙa'idojin sun ce kafin a naɗi maganar mutum ko a karanta saƙonninsa, sai an samo takardar izini daga alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Ba kowane mai kaki ne zai je ya nemo ta ba. Hukumomi ne ƙalilan, irin su ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da hukumar DSS, kuma ta hannun babban jami'i, wanda muƙaminsa bai gaza na mataimakin kwamishinan 'yan sanda ba. Izinin na kwana 60 ne, in ana son ƙari sai an koma gaban alƙali. Abin da aka naɗa ana iya ajiye shi har shekara 3 kafin a lalata. Kamfanin waya kuwa dole ne ya girka na'urorin da za su sa aikin ya yiwu, in ya ƙi ba da haɗin kai tarar naira miliyan 5 na jiransa, da ƙarin dubu 500 kowace rana.

Akwai inda za a fara saurare babu takarda: idan rai na cikin haɗari, ko akwai barazana ga tsaron ƙasa, ko ana bin sawun gungun masu laifi. Nan ma an ɗaure jami'in da wa'adin awa 48 ya kai kansa gaban alƙali. In bai je ba, ko ya je alƙali ya hana, dole a tsaya, abin da aka ci gaba da yi bayan nan ya zama haramtacce. Wannan sassauci ban ga laifinsa ba. Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa a hanyar Birnin Gwari ko dazukan Zamfara, yana zaune waya a hannu yana jiran kiran masu neman kuɗin fansa, ba zai so a ce sai Litinin in kotu ta zauna ba.

To amma ba sauraron magana ne ya kai maƙwabcina hannun hukuma ba. Bayanan kira ne: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wace unguwa, kuma da sunan wa aka yi rajistar layin. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni ajiye irin waɗannan bayanai na shekara 2, da miƙa su idan hukumar tsaro ta nema ta hannun jami'in da aka ba wannan iko. A wannan sashe ba a ambaci alƙali ba. Sai a sashe na 39, mai magana kan naɗar ainihin abin da aka faɗa. Mutane na raina bayanan kira, alhali sun ishi a san likitan da kake gani, da malamin da kake bi, da inda kake kwana. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, kowace lamba ta zama tana da fuska da yatsa. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoto a 2020 cewa da irin waɗannan bayanai aka gano wasu 'yan jaridar Najeriya aka kama su, ciki har da Samuel Ogundipe na Premium Times a 2018, wanda aka bi ta kan wata abokiyar aikinsa aka same shi.

Abin da ya fi damuna a tsarin nan shi ne a ɓoye ake komai. Ranar da ake neman izinin sauraronka ba ka kotun, lauyanka ma ba ya nan, kuma haka ya kamata, don ba a sanar da wanda ake bincike. Amma ko bayan an gama, ko da an ga ba ka da laifin komai, ƙa'idojin ba su ce a gaya maka ba. Sun ba wanda aka zalunta damar sanar da NCC da garzayawa Babbar Kotun Tarayya, sai dai mutum ba ya kai ƙarar abin da bai san an yi masa ba. Rahoton shekara-shekara na sauraron da aka yi kuma wurin Antoni Janar na Tarayya ake kai shi, wanda shi ne babban lauyan gwamnatin da ta yi sauraron.

Saboda haka nauyin gaba ɗaya ya koma kan mutum biyu: jami'in da ya yi rantsuwa cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, da lauyan da ya ɗauki takardar ya kai gaban alƙali. Alƙali ba ya zuwa daji ya tabbatar. Abin da aka ajiye masa a tebur shi yake gani. Idan jami'i ya cusa lambar ɗan adawa ko ta ɗan jarida cikin jerin lambobin 'yan bindiga, ko lauya ya san wata hujja da ke wanke mutum ya danne ta, izinin zai fito da hatimin kotu, a ido halal, a ciki zalunci.

Doka ba ta bar su sakaka ba. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ne da ake ɗauri a kansa. Sashe na 12 na dokar laifukan intanet ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai naira miliyan 5, ko duka biyun, ga wanda ya tare saƙon wani ta na'ura ba da izini ba, kuma sashen bai ware mai kaki ba. Lauya kuwa, ko na gwamnati ne, ma'aikacin kotu ne kafin ya zama na kowa. In ya yaudari alƙali ana iya kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, wanda ke da ikon gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajistar lauyoyi ɗungurungum. "Oga ne ya sa ni" ba hujja ba ce a can. An ga irin haka a Amurka: wani lauyan hukumar FBI, Kevin Clinesmith, ya amsa laifi a 2020 cewa ya sauya kalmomin wani saƙon imel da aka dogara da shi wajen sabunta izinin sauraron Carter Page, tsohon mashawarci a yaƙin neman zaɓen Donald Trump. Hukuncin da aka yanke masa mai sauƙi ne, shekara ɗaya ƙarƙashin sa ido ba ɗauri, amma abin lura shi ne asirin ya tonu ne saboda akwai babban mai binciken cikin gida na ma'aikatar shari'a da ya buɗe fayilolin ya kuma bayyana wa jama'a abin da ya gani. Irin wannan ido mai zaman kansa shi ne ƙa'idojinmu na 2019 ba su tanada ba, kuma a ganina Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ya kamata ta yi cikakkiyar doka a kan haka, maimakon a bar haƙƙi mai girma irin wannan a hannun ƙa'idojin hukumar da aikinta kula da kamfanonin waya ne.

Wanda ya gano an taka masa haƙƙi yana da sashe na 46 na kundin tsarin mulki, da ya ba shi damar zuwa babbar kotu kai tsaye. Ƙa'idojin ƙwatar haƙƙi na 2009 sun sauƙaƙa hanyar: babu wa'adin da zai wuce a ce ka makara, kuma wani na iya shigar da ƙara a madadinka. Sai dai a san da cikas biyu. Sashe na 14 na dokar shaida ta 2011 ya bar alƙali ya karɓi hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya in ya ga amfaninta ya rinjayi illarta. Sannan ko ka ci shari'a an ce a biya ka diyya, cire kuɗin daga dukiyar gwamnati da ke hannun jami'inta na buƙatar amincewar Antoni Janar, shi ya sa lauyoyi da yawa ke sa sunan jami'in da ya aikata a cikin ƙara, ba hukumarsa kaɗai ba.

Shi maƙwabcina, na gaya masa cewa ko an samo bayanan kiransa bisa ƙa'ida, kwana huɗun nan wata magana ce daban. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Na ce ya rubuta ranar da aka tafi da shi da ranar da aka sako shi tun bai manta ba, da sunayen waɗanda suka ga abin a tasha, ya kai wa lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke jiharmu, inda ba a biyan ko sisi kafin a karɓi koke.