Bayanan Taku a Kula da Ciwon Suga

Bayanan taku su ne ma'aunan da ake ɗauka na yadda mutum yake tafiya a ƙasa: yawan takunsa a yini, saurinsa, tsawon kowane taku, da nauyin da ke sauka a sassan tafin ƙafarsa. Likitocin ciwon suga sun damu da su ne saboda cutar kan lalata jijiyoyin ƙafa, har mutum ya daina jin zafi ko da takalmi yana cinsa, kuma ana ƙiyasin kusan rabin masu ciwon kan gamu da wannan lalacewa.

Tarihi

Nazarin tafiyar ɗan Adam ya girmi na'urorin zamani. A 1836 'yan'uwan nan biyu, Wilhelm da Eduard Weber, suka wallafa bincikensu a Jamus, sannan Étienne-Jules Marey ya yi amfani da hotuna a jere a Faransa wajajen shekarun 1880. Amma wanda ya fi cancantar ambato shi ne Paul Brand, likitan da ya yi jinyar masu kuturta a Vellore ta Indiya kafin ya koma Carville a Amurka wajen 1966. Brand ya nuna cewa ba kuturtar ce ke cin nama kai tsaye ba, matsi ne da ake ta maimaitawa a wuri guda na ƙafar da ba ta ji yake buɗe gyambo. Har safa shi da abokan aikinsa suka yi mai ƙananan ƙwayoyin rini da ke fashewa inda nauyi ya yi yawa, ta yadda idan aka cire ta launi zai nuna wurin da ke cikin haɗari. Daga baya aka ɗauki wannan fahimta zuwa ciwon suga.

Burin taku 10,000 a yini kuwa ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, ba daga binciken asibiti ba.

Yadda ake tattarawa

A yau ana amfani da agogon hannu, wayar salula, da shimfiɗar cikin takalmi mai auna matsi. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan ƙafar mai ciwon suga sun nemi takalmin magani ya rage matsi da kashi 30 cikin ɗari, ko ya sauko da shi ƙasa da kilofaskal (ma'aunin matsi) 200, musamman ga wanda gyambonsa ya warke, domin ya kan dawo.

Musayar bayanai

Rumbun bayanai na intanet mai suna PhysioNet, wanda aka kafa a 1999, yana buɗe wa masu bincike ma'aunan jiki, har da na taku. Shirin binciken lafiya na UK Biobank a Birtaniya ya ɗaura wa mutane kimanin 100,000 na'urar auna motsi na kwana bakwai tsakanin 2013 da 2015. Ana saɓani kan sirri, tunda salon tafiya na iya tona ko wane ne ko da an goge sunansa, haka kuma na'urorin kan yi kuskuren ƙirge idan mutum yana tafiya a hankali.