Waiwaye: Yamagata Aritomo, Fil Mashal ɗin da ya ɗaura wa gwamnatin Japan linzami

In dai aka zo hirar Japan a yaƙin duniya na biyu, yawancin mutane Tojo suke sani ko Hirohito ko bam ɗin Hiroshima, to amma ni abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne yadda sojojin ƙasar suka fi ƙarfin gwamnatinsu har ta kai in ba su so firaminista ba to ya sauka kenan, kuma ba tare da wani janar ya kama gidan rediyo da asuba ya karanta jawabi irin wanda muka saba ji ba. Doka ce kawai aka rubuta a 1900, kuma mutumin da ke bayanta ya mutu shekara 19 kafin harin Pearl Harbor. Sunansa Yamagata Aritomo.

An haife shi a 1838 a garin Hagi da ke yankin Choshu, gidansu samurai ne, wato mayaƙan gado na Japan, amma na can ƙasa-ƙasa, irin waɗanda manya ba sa ko kallo. Yana saurayi ya shiga Kiheitai, wata runduna da ta haɗa samurai da manoma da 'yan kasuwa wuri guda, abin da a lokacin ake gani kamar cin fuska. A 1864 jiragen ruwan yaƙin Ingila da Faransa da Holan da Amurka suka yi wa Shimonoseki luguden wuta, yana wurin, ya gani da idonsa takobi ba ya maganin igwa. Bayan an kifar da mulkin shogun, shugaban mayaƙan da ke riƙe da ƙasar a madadin sarki, a 1868 sai aka tura shi Turai a 1869, ya dawo tsarin sojan Jamusawan Prussia ya shiga ransa sosai.

A 1873 ya kawo dokar aikin soja na dole, namijin da ya kai shekara 20 in aka ɗauke shi sai ya yi shekara uku. Abin dariya abin tausayi, sanarwar gwamnati ta kira aikin da sunan "harajin jini", manoma kuwa suka ɗauka da gaske ne za a zo a zuƙe musu jini a jiki, aka yi ta bore a yankuna irin su Okayama. Samurai ma ba su ji daɗi ba, don an ƙwace musu abin da suke taƙama da shi an miƙa wa ɗan manomi. A 1877 Saigo Takamori, tsohon abokin gwagwarmaya, ya jagoranci tawayen Satsuma, kuma waɗannan 'ya'yan manoman ne suka murƙushe shi a tsaunin Shiroyama. Ana ba da labarin da aka kawo wa Yamagata kan Saigo sai ya sa aka wanke shi, ya riƙe shi yana hawaye.

To daga nan ne ainihin maganar ta fara. A watan Agustan 1878 wasu sojojin da ke gadin fadar sarki suka yi bore a Takebashi kan albashi da ladan yaƙin da ba a ba su ba, aka kashe fiye da hamsin daga cikinsu. Yamagata ya tsorata da abu biyu, sojan da ba ya jin magana da kuma 'yan siyasar da suka fara kiran a kafa majalisa, yana ganin in suka sa hannu a soja shi kenan. Sai a ƙarshen shekarar ya kafa ofishin manyan hafsoshi mai cin gashin kansa wanda kai tsaye wurin sarki yake kai rahoto, babu ruwansa da minista, shi ne kuma shugabansa na farko. A 1882 aka fito da wasiƙar sarki ga sojoji wadda kowane kurtu sai ya haddace, a ciki aka ce aikin da ke kan soja ya fi dutse nauyi, mutuwa kuwa ta fi gashin tsuntsu sauƙi, aka kuma hana su shiga siyasa. Wai fa don a raba soja da siyasa aka yi duk wannan.

Ya yi firaminista sau biyu, daga 1889 zuwa 1891, sai kuma 1898 zuwa 1900. Ya jagoranci runduna ta ɗaya a yaƙi da China a 1894, ya zama Fil Mashal a 1898, gensui kamar yadda suke kira, shi ne kuma shugaban hafsoshi lokacin yaƙi da Rasha na 1904 zuwa 1905. Amma dokar 1900 ɗin nan ta fi duk yaƙoƙinsa tasiri a ganina. Cewa ta yi ministan soja da na sojan ruwa dole su kasance janar ko admiral da ke bakin aiki. Ka ga kuwa in soja suka janye ministansu suka ƙi ba da wani, majalisar ministoci ba ta cika ba, sai ta rushe. Haka aka yi wa firaminista Saionji a 1912, ya ce babu kuɗin ƙara runduna biyu, ministan soja Uehara ya ajiye aiki, soja suka naɗe hannu, gwamnati ta faɗi. Jama'a suka fito titi, a 1913 aka sassauta dokar.

Shi kuma mutumin, kar ka ɗauka ko yaushe cikin kaki yake, yana rubuta waƙoƙi, yana son lambu kamar me, lambun Murin-an na Kyoto da Chinzan-so na Tokyo duk nasa ne, har yau ana zuwa kallo. Sai dai talakawa ba su taɓa ƙaunarsa ba. Ya mutu ran 1 ga Fabrairun 1922, aka yi masa jana'izar ƙasa a filin Hibiya, wurin fayau sai sojoji da jami'an gwamnati, alhali makonni kaɗan kafin nan a wannan filin dai jama'a suka yi cincirindo wurin jana'izar ɗan siyasa Okuma Shigenobu.

Bayan boren matasan hafsoshi na 26 ga Fabrairun 1936 sai aka dawo da dokar 1900 ɗin yadda take. A 1937 sarki ya umarci Janar Ugaki ya kafa gwamnati, soja suka ƙi ba shi minista, dole ya haƙura, janar ɗinsu ne fa. A 1940 ministan soja Hata Shunroku ya ajiye aiki gwamnatin firaminista Yonai ta faɗi, ita ce ke jan ƙafa wajen ƙawance da Jamus, wata biyu bayan nan aka sa hannu kan ƙawancen a Berlin. Da aka zo rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki a 1947, a sashe na 66 aka rubuta ƙarara cewa firaminista da duk ministocinsa dole su kasance farar hula.