Saƙar da ba ta da baibai

'Yan'uwana mata, musamman masu zuwa awo da kakannin da ke jiran jika, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara, kuma duk shekara in Disamba ta kama abu ɗaya nake gani. Za a kawo mana jariri da sassafe a bayan mashin, an naɗe shi da zannuwa uku har da tawul, amma kansa a buɗe, ko kuwa an ɗora masa hular kwarashi mai manyan ramuka wadda iska ke ratsawa kamar rariya. In na sa ma'aunin zafi a hammatarsa sai in ga bai kai 36 ba. Uwar ta ce, "Sista, tun jiya ya ƙi kama nono." Sanyi ne ya shige shi, kuma ba wanda ya lura, don jariri ba ya rawar ɗari irin tamu balle a gane.

Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin 36.5 da 37.5 ne a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. In ya sauka ƙasa da haka, ɗan nonon da ya sha wajen neman ɗumi zai ƙare maimakon ya zama tsoka. Kan jariri kuwa babba ne in an kwatanta da sauran jikinsa, ga shi an haife shi a jiƙe, shi ya sa ɗumi ke saurin zurarewa ta nan. Abin ya fi tsanani ga bakwaini, wato wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, da kuma wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Wannan ne ya sa na fara tafiya da kwarashi da zare ranar awo. Yayin da mata ke zaune a benci suna jiran layi, sai mu koyi wata saƙa da nake so kowace mai ciki ta iya kafin hunturu ya sauka.

Masu koyarwa a YouTube suna ce mata tamal, ma'ana mai riƙe ɗumi. Mu a ajinmu mun sa mata suna marar baibai. Ninki biyu take fitowa a lokaci guda, a cushe, ba rami ko ɗaya da ɗan yatsa zai shiga. In kika yi ta da zare launi biyu, fuska ɗaya za ta fito fara, ɗayar shuɗiya, kuma duk ta inda kika juya gaba ne. Ba ƙulli ba kaushin da zai goge fatar jariri. Cikin dare an ɗauke wuta, kin lalubo hula kin sa masa, ba ruwanki da wane ɓari ne ciki.

Kada ki fara da hula. Ki fara da abin sauke tukunya, don shi ko ya karkace zai yi aikinsa, kuma a kansa hannunki zai faɗa. Ki nemi kwarashi mai lamba 4 ko 5, da zaren auduga launi biyu da suka yi nesa da juna, misali fari da shuɗi, don idonki ya riƙa bambance layi da layi.

Ki ja sarƙa 26 da farin zare, sako-sako, kada ki matse. Ki tsallake idon da ke kusa da kwarashi, sai ki bi sauran da gajeren saƙa wanda kowa ya sani: a soka, a jawo zare, a sake naɗowa a fitar ta cikin biyun da ke kan kwarashi. Abin lura a nan shi ne zare ɗaya tak na kowane idon sarƙa za ki ɗauka, ki bar sauran. Za ki tashi da ido 25. A ido na ƙarshe, in ya rage zare biyu a kan kwarashi, da shuɗi za ki rufe. Ki ja sarƙa ɗaya, ki juya aikin.

To, nan ne sirrin yake, ki natsu. In kika dubi saman layin da kika gama, kowane ido yana da zare biyu masu kama da harafin V. Mu kunnuwa muke ce musu: kunnen gaba shi ne na kusa da ke, kunnen baya shi ne na can. Yanzu ki ɗan karkato aikin ki leƙa bayansa. Can ƙasa za ki ga jerin zaren sarƙar nan da kika bari ba ki taɓa ba. Ki soka kwarashi a kunnen baya, ki zarce ƙasa ki ɗauko zaren sarƙar da ke daidai ƙarƙashinsa. Ki naɗo shuɗin zare ki fitar da shi ta cikin su biyun, ki sake naɗowa ki rufe kamar yadda kika saba. Haka za ki yi har ƙarshen layi. Kunnen gaba kuwa kin bar shi da gangan, domin da kin juya aikin shi zai koma baya, shi ne abokin haɗin layi na gaba. Daga nan har ki gama ba abin da zai canja: kunnen baya na wannan layi, haɗe da kunnen da aka bari a layin ƙasa, kowane layi da launinsa.

Akwai abin da ke ruɗa mata a nan. Kina saƙa da shuɗi amma fari kike gani a gabanki, sai ki ɗauka kin yi kuskure. Ba ki yi ba, launin da ke hannunki ta baya yake fitowa. Layi uku zuwa huɗu na farko ma ba su da kyan gani, za su naɗe kamar igiya. Mata da yawa a nan suke warwarewa su ce ba za su iya ba, alhali da sun ƙara layi biyu da aikin ya miƙe da kansa. Ki daure ki kai layi na shida kafin ki yanke hukunci.

Zaren da ba kya aiki da shi fa? Kada ki yanke shi. Ki kwantar da shi cikin kwarmin da ke tsakanin kunnuwan biyu ki yi saƙa ta kansa, zai bi ki a ɓoye har ɗaya bakin, inda za ki buƙace shi. In kin kai ƙarshe ki ɗan ja shi a hankali ya miƙe, amma kada ki tsuke, in ba haka ba aikin zai tattare. Kuma ki riƙa ƙirga ido a kowane layi. Na ƙarshen yana son ɓuya a gefe, in kika yi ta barinsa sai ki ga abu ya fara da faɗi yana tsukewa. In tsawon ya kai faɗin, wajen taƙi ɗaya, sai ki rufe: a layin ƙarshe ki ɗauki kunnuwa biyun sama duka tare da na ƙasan, ki ja 'yar sarƙa a kusurwa ta ratayewa a ƙusa.

Yanzu maganar zare, wadda ta fi komai damuna a matsayina na mai wanke ƙuna. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa, daga Kantin Kwari har kasuwar ƙauyenmu, ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Yana da laushi, yana da araha, yana wankuwa, ya dace da hula. Amma in ya taɓa gindin tukunya mai zafi narkewa yake ya manne a fata, ƙunarsa ta fi ta tukunyar muni. Abin sauke tukunya sai auduga zalla. In mai shago ya ce miki auduga ce, ki gwada da kanki a gida: ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Auduga za ta ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba za ta tattare ta narke ta zama baƙin dunƙule mai tauri. Gashin tunkiya na gaske kuwa ƙaurin babbaka yake yi. Sannan ko auduga ce, kada ki ɗauki tukunya da ita a jiƙe, ruwa yana kai zafi hannu nan take.

In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta kwararawa a wurin har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a taho asibiti. Don Allah a bar shafa manja, ɗanyen ƙwai, gishiri ko man goge baki. Sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, kuma mai ƙunar ne ke shan azabar.

In hannunki ya faɗa, hula ta fi sauƙi. Kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 33 zuwa 35 a kewaye, na bakwaini bai kai haka ba. Wannan saƙa ba ta miƙewa sosai, don haka ki auna sarƙarki da tef ɗin tela, ki kuma ɗauki kwarashin da ya ɗan fi wanda kika saba girma don hular ta yi laushi. Ki haɗa bakin sarƙar biyu ta zama zobe, ki kula kada ta murɗe. Duk zagaye in kin dawo inda kika fara, ki haɗa, ki canja launi, ki juya aikin ki koma ta inda kika fito. A nan ba sai kin ja zare a ɓoye ba, duka biyun suna jiranki a mahaɗa. In tsawon ya kai santimita 12 ko 13, ki koma gajeren saƙa na yau da kullum kina haɗa ido biyu-biyu har saman ya tsuke, ki zarge da allura ki ɗaure, ki cusa jelar zaren tsakanin ninkin biyu. In kika naɗe bakin hular sama, ɗaya launin zai fito kamar an yi mata ado. Adon ya tsaya nan. Ban da duwatsu, ban da maɓalli, ban da igiyar ɗaurewa a haɓa, don jariri na iya haɗiyewa ko ya shaƙe. Duk wani zare da ya yi saura a yanke shi, domin siririn zare na iya naɗe ɗan yatsan jariri har jini ya daina kai wa. Kuma juya hula ba wanki ba ne: in tumbiɗi ya taɓa ta, sabulu da rana.

Bargo yana cin zare da lokaci, gaskiya, don wannan saƙa takan ci kusan ninki biyu na zaren da saƙa ta yau da kullum ke ci, kuma a hankali take tsawo. Kamu biyu kowane gefe ya isa na goyo. Wadda ta fara a wata na biyar tana yin 'yan layuka bayan la'asar za ta gama kafin haihuwa. Maigida, kuɗin zaren nan naka ne, a sa shi cikin lissafin kayan haihuwa. Amfanin bargon shi ne rufa jariri a goye ko a kan hanyar asibiti. In an kwantar da shi barci, a rigingine za a kwantar da shi, bargo ya tsaya a ƙirji an cusa gefensa, kada ya kusanci fuska. In na roba ne, a nisanta shi da kaskon wuta. Shi kansa kaskon gawayi a ɗakin mai jego da ƙofa da taga a rufe haɗari ne, yana fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci.

Duk kyan hula da bargo, ɗumin da ke jiki kawai suke tsarewa, ba sa kawo sabo. Jaririn da ya riga ya yi sanyi ƙirjin uwarsa yake buƙata. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya ga kwalaben renon bakwaini ba su isa ba, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗora 'ya'yansu a ƙirji fata da fata. Shi ne ake kira renon kangaru, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi da zarar an haifi bakwaini. Ana tuɓe jariri a bar masa nafkin da safa da hula, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwa, kansa a juye gefe, a ɗaure da zani, a rufa bargo ta baya. Kin ga inda hularki ta shigo: jikinsa duk yana manne da naki, kai ne kaɗai a waje. In uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓa. Wankan farko kuma a jinkirta shi har a cika awa 24, a goge shi da busasshen zani kawai. Na san kakanni ba sa son jin wannan, amma wankan asuba cikin hunturu ya jefa jarirai da yawa cikin wahala a gabana.

Ki riƙa taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. In ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, ki ɗora shi a ƙirji ki ba shi nono. In duka biyun sun yi sanyi, ko ya ƙi tsotso, ko kukansa ya yi rauni, ko jikinsa ya saki, kada a jira gari ya waye, don sanyin jiki a jariri kan zama alamar ƙwayoyin cuta a jini. A taho da shi asibiti yana manne a ƙirji. In kuma rana ta ɗaga kika ji gumi a ƙeyarsa, ki cire hular, zafi ma illa ne.

Hula biyu nake so ki saƙa, ɗaya ta ɗan fi ɗaya ƙanƙanta, don ba mu san ranar da zai zo ba ko girman da zai zo da shi. Ki wanke su, su bushe a rana, ki ƙulle su a leda mai tsabta ki sa a jakar haihuwa tun ciki yana wata bakwai. In layi na biyun nan ya gagare ki, ki zo da aikin ranar awo mu leƙa bayansa tare.