Me ya sa ake rubuta PersonBirthDate a manne haka?

Akwai abin da masu harkar kwamfuta da yawa ke rainawa, wato sunan da ake raɗa wa kowane gurbin bayani. Ɗauki gurbin da ake rubuta ranar haihuwar mutum a kwamfuta: kai ka sa masa dob a naka sistem ɗin, wani ya sa birth_dt, wani kuma date kawai ya rubuta ya wuce, to ranar da aka ce ma'aikatu biyu su yi musayar bayanai sai a fara kame-kame, wai wannan date ɗin ta haihuwa ce ko ta ranar da aka yi wa mutum rajista?

Maganin wannan ne ya sa ƙa'idar ISO/IEC 11179, wata ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa kan yadda ake bayyana gurbin bayani, ta ware kashi na 5 kan raɗa suna kaɗai. Tsarin ba wuya, suna gaɓa uku ne. Ta farko a kan wa ake magana, ta biyu me nasa ake nufi, ta uku wane irin bayani ne zai zauna a gurbin. Duba PersonBirthDate: Person mutum kenan, Birth haihuwarsa, Date kwanan wata. Tsarin musayar bayanai na NIEM da ma'aikatar shari'a da ta tsaron cikin gida na Amurka suka fara a 2005 ya ɗauki wannan ya mai da shi ƙa'idarsa ta raɗa suna.

Ni a ganina gaɓar ƙarshen nan ita ce ran abin gaba ɗaya, don alkawari ce. In suna ya ƙare da Code, to daga wani jeri da aka amince da shi za a zaɓo, ba abin da ka ga dama ba. In Indicator ne amsar e ce ko a'a, shikenan. Amount kuɗi ne, Text kuma rubutu sakaka. Ka sa wa gurbi Date sannan ka bari ana cusa "bara da damina" a ciki, wallahi duk manhajar da ta yarda da sunan nan sai ta yi tuntuɓe.

Manne kalmomin kuwa dalili gare shi, XML, wato tsarin rubutun da kwamfutoci ke musayar bayanai da shi, ba ya yarda da sarari a cikin suna, shi ya sa ake fara kowace kalma da babban baƙi, rubutun ya riƙa tashi yana sauka kamar tozon raƙumi. Gajarta kalma ma ba a so sai wadda aka amince da ita, kuma tilo ake sawa ba jam'i ba. Sannan in gaɓa ta biyu da ta uku suka zo kalma ɗaya sai a jefar da guda, a rubuta PersonName maimakon PersonNameName.