Karatun Mutawassiɗa a Saudiyya

Mutawassiɗa ita ce matakin karatu na shekara uku da ke tsakanin firamare da babbar sakandare a ƙasar Saudiyya. Yaro kan shige ta yana ɗan shekara 12, bayan ya kammala aji shida na ibtida'i, wato firamare, ya fita yana ɗan 15 ya wuce sanawi, wato babbar sakandare. Wanda ya san ƙaramar sakandare ta Najeriya ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Maza da mata ba a haɗa su: makarantunsu daban, malamansu daban, sai dai littattafan kusan iri ɗaya ne. A makarantun gwamnati karatu kyauta ne har da littattafai, kuma da Larabci ake koyar da komai in ban da darasin harsunan waje.

Tarihi

An kafa hukumar ilimi ta farko a Makka a shekarar 1926, zamanin Sarki Abdul'aziz. A 1953 ta zama cikakkiyar ma'aikata, Yarima Fahad ɗan Abdul'aziz, wanda daga baya ya zama sarki, shi ne ministanta na farko. Rabon karatu zuwa shekara shida, uku da uku ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashen Larabawa suka yi a 1958 don daidaita tsarin makarantunsu.

Karatun mata na gwamnati ya fara a 1960, ƙarƙashin wata hukuma ta daban da malaman addini ke jagoranta. Haka aka tafi har ranar 11 ga Maris 2002, lokacin da gobara ta tashi a wata makarantar mutawassiɗa ta 'yan mata a Makka, ɗalibai 15 suka rasu. Bayan wannan musiba ne aka mayar da makarantun mata hannun ma'aikatar ilimi.

Addini da Larabci

A da, ɗalibin mutawassiɗa yana ɗauke da littafin tauhidi daban, na tafsiri daban, na hadisi da na fiƙihu kowanne daban, ga kuma darasin Alƙur'ani. A gyaran manhaja na 'yan shekarun nan an tattara huɗun farko wuri guda da sunan Dirasat Islamiyya. A tauhidi ana koyon kashe-kashensa uku: rububiyya, uluhiyya, da sunaye da siffofin Allah, sannan shirka da nau'o'inta. Fiƙihu yana farawa da tsarki da salla, ya hau zakka da azumi da aikin hajji, ya kai ga hukuncin abinci da yanka da tufafi da rantsuwa. Ga ɗan Makka babin hajji ba labari ba ne, don ya san Mina da Arfa da mikati tun kafin malam ya buɗe shafin.

Larabci kuwa littafi guda ne ake bi a shekarun uku, Lugatil Khalida. Ba a ware nahawu a koyar da shi shi kaɗai kamar yadda tsofaffin malamai suka saba. Kowane babi yana da jigo, sai a kawo nassi a karanta, a saurari wani, daga cikinsu a ciro ƙa'idar nahawu, da ta imla'i irin su inda ake ɗora hamza, da salon magana kamar tambaya ko sharaɗi ko togiya. Ana kuma horar da hannu a kan rubutun ruƙ'a, wanda shi ne rubutun da manya ke amfani da shi yau da kullum. Wahalar darasin ita ce Larabcin littafi ba shi ne na titi ba. Yaron da ya tashi da Larabcin Hijaz, yankin Makka da Madina, a bakinsa sai ya zauna ya koyi li'irabi kamar kowa.

Lissafi da kimiyya

Tun wajen shekarar 2009 littattafan lissafi da kimiyya fassara ne da gyara daga na kamfanin McGraw-Hill na Amurka. A aji ɗaya ana koyon lambobi masu alamar ragi, da kaso cikin ɗari, da farkon aljabara. Aji biyu ya kawo ƙa'idar Fisagurus ta alwatika mai kusurwar tsaye, da auna faɗi da cikin abubuwa. Aji uku kusan aljabara ce zalla, har zuwa lissafin da ake neman lambobi biyu da aka ɓoye a lokaci ɗaya.

Abin da zai fara ɗaukar idon baƙo idan ya buɗe littafin shi ne yadda aka rubuta lissafin. Daga dama yake tafiya zuwa hagu, da lambobin da ake amfani da su a gabashin ƙasashen Larabawa, kuma lambar da ake nema ana sa mata harafin sin ko sadi. Sifili ɗigo ne, biyar kuma ɗan zagaye ne mai kama da sifilin boko, don haka yaron da ya zo daga Kano ko Damagaram yakan yi ta karanta biyar a matsayin sifili kafin idonsa ya saba. Da an shiga sanawi kuma sai littafin ya juya zuwa haruffan boko daga hagu zuwa dama, ɗan ƙasa ma sai ya sake saba hannu.

Kimiyya darasi ɗaya ce, ba a raba ta sai a sanawi. A cikinta ake taɓa duwatsu da ma'adinai, ƙwayar halitta, dabbobi masu ƙashin baya da marasa shi, yadda jini ke zagaya jiki, narkewar abinci, gadon kamanni daga iyaye, girgizar ƙasa da aman wuta, dokokin motsi na Niyuton, lantarki da maganaɗisu.

Tarihi, harsuna da sababbin darussa

Darasin zamantakewa ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Ana bin zamanin Manzon Allah (SAW) da halifofi huɗu, da Banu Umayya da Abbasiyawa da daular Usmaniyya ta Turkiyya. Tarihin Saudiyya kansa yana da babban gurbi: daula ta farko a Dir'iyya daga 1727 zuwa 1818, ta biyu daga 1824 zuwa 1891, ƙwace Riyad da Abdul'aziz ya yi a 1902, da haɗe ƙasar a 1932. Shirin gwamnati na raya ƙasa mai suna Hangen 2030 ma ya shiga littafi.

Turanci ana koyar da shi da jerin littattafan Super Goal. Shekaru masu yawa a mutawassiɗa ne yaro ke fara cin karo da Turanci, daga baya aka riƙa sauko da shi firamare, har a 2021 ya kai aji ɗaya. Sinanci kuwa an sanar da shirin sa shi a manhaja a Fabrairun 2019, yayin ziyarar Yarima Muhammad bin Salman a Beijin, aka kuma fara koyar da shi a zaɓaɓɓun makarantun mutawassiɗa a 2024 da malaman da aka ɗauko daga Sin.

Shekarar 2021 ita ce ta fi kawo sauyi. A ita aka sa darasin tunani da tantance hujja a aji uku, inda ake koyon bambanta ra'ayi da gaskiyar lamari da gano hujjar da ba ta tsaya da ƙafarta ba. Darasin kwamfuta ya zama na ƙwarewar fasahar zamani, aka ƙara dabarun kare kai a darasin motsa jiki, wanda sai a 2017 aka amince 'yan mata su fara yi a makarantun gwamnati. Akwai kuma zane da darasin zaman iyali. Ko darasin tantance hujja zai yi tasiri, wannan ya rataya ne a wuyan malami, domin shi ma ana iya haddace shi a zuba a takarda ranar jarrabawa.

Zango da jarrabawa

Ana karatu daga Lahadi zuwa Alhamis. A 2021 aka raba shekara zango uku, a 2025 aka koma zango biyu. Makarantun Makka da Madina da Jidda da Ɗa'ifa kan samu ɗan sauyi a jadawalinsu saboda aikin hajji. Dandalin intanet na Madrasati, wanda aka buɗe a 2020 lokacin annobar korona, har yanzu da shi ake ba da aikin gida, iyaye kuma suna duba sakamako a manhajar Nur. 'Yan aji uku suna zana jarrabawar ƙasa mai suna Nafis a karatu da lissafi da kimiyya, wadda aka fi nufin auna makarantar da ita. Bayan shekarar farko ta sanawi ɗalibi zai kama ɗaya daga hanyoyi biyar: ta gama-gari, shari'a, kasuwanci, kwamfuta da injiniyanci, ko lafiya.

'Ya'yan Hausawa a ajin

Hausawa sun daɗe a Hijaz. Wasu alhazai ne da suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan suka tsallaka Bahar Maliya, wasu kuma kakanninsu sun yi hijira bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Zuriyarsu ce ake gani a rajistar aji da sunayen Hausawi, Fallata da Barnawi, musamman a unguwannin Makka irin su Misfala da Shari'ul Mansur. Da yawansu 'yan ƙasa ne, wasu ma Hausar sai a bakin kaka suke jinta.

A gidan da aka riƙe karatun gargajiya, bambancin yana fitowa fili a darasin addini. Uban da ya yi karatun allo ya haddace Alƙur'ani da ruwayar Warshu, ɗansa kuwa da Hafsu ake biya masa a makaranta. Uban ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya a mazhabar Malikiyya, littafin ɗan kuma ya karkata ga Hambaliyya. Sai ka ga yaro ya dawo gida yana tambayar abin da ya sa Baba ke sakin hannu a salla, ko me ya sa yake alƙunutu da asuba. Hausa ba ta cikin manhaja, tarihin ƙasar Hausa ma ba a jarraba kowa a kansa.

Ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, iƙama, wato takardar izinin zama, ita ce mabuɗi. Ɗan mai iƙama yana iya samun gurbi a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, amma yaron da iyayensa ba su da takardun zama rajista takan gagare shi, sai ya koma halƙar haddar Alƙur'ani a masallaci ko a mayar da shi gida wajen dangi ya yi karatu. Masu son zurfafa ilimin addini tun daga wannan mataki suna da makarantun tahfiz na gwamnati, da ma'ahadan ilimi da suka daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud, da Darul Hadis ta Makka da ta Madina. Ta Madina ta daɗe a hannun Shaikh Umar Fallata, malamin Masallacin Annabi wanda asalin iyayensa daga Afirka ta Yamma ne, ya rasu a 1999.