Mayar da babbar manhajar kwamfuta kan faifan SSD

Mayar da babbar manhaja, wato Windows ko Linux, daga tsohon faifai mai juyawa zuwa SSD na nufin kwashe duk abin da kwamfuta ke tashi da shi a ɗora kan ma'ajiyar da ba ta da wani ƙarfe mai motsi. Faifan laftop mai juyi 5400 a minti da kyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa. SSD mai tsohuwar hanyar jonawa ta SATA yana kai kusan 550, mai sabuwar hanya ta NVMe kuwa har 3500. Shi ya sa masu gyara a Damagaram ke fara ba da wannan shawara ga mai tsohuwar kwamfuta ta hannu da ta yi nauyi.

Kafin sayen komai, a buɗe bayan na'urar a ga irin mazaunin faifan. Akwai na inci 2.5, akwai M.2, ramin da ake soka siririn SSD, mafi yawa mai lamba 2280, faɗin milimita 22 da tsawon 80. M.2 kansa iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a girka manhajar sabuwa daga kilen USB mai akalla gigabait 8. Lasisin Windows 10 da 11 yana maƙale da babban allon cikin kwamfutar (motherboard), sauya faifai ba ya kashe shi. Ta biyu, a kwafe faifan ɗungurungum da manhajar kwafi irin Clonezilla ko Macrium Reflect, bayan an jona SSD da wayar USB zuwa SATA. Girman tsohon faifan ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke cikinsa ne: faifan gigabait 500 mai ɗauke da 120 zai shiga SSD na 256, sai dai Clonezilla na buƙatar a fara rage girman ɓangaren faifan da Windows take ciki.

Yawancin matsala daga ƙananan ɓangarori take fitowa. Wanda ya kwafe ɓangaren C kaɗai, inda Windows take, zai ga kwamfuta ta ƙi tashi, domin fayilolin tayarwa suna wani ɓoyayyen ɓangare, na EFI, mai kusan megabait 100. Dole tsarin faifai ya dace da na tayarwa: faifai mai tsarin GPT yana tafiya da tsarin tayarwa na UEFI, mai tsarin MBR kuwa da tsohon BIOS. In BitLocker, wato makullin bayanan faifai na Windows, na kunne, a kashe shi tukuna, a kuma rubuta lambarsa mai alƙaluma 48 a takarda. Faifan da ya fara ciwo shi ma yakan tsayar da kwafi a tsakiya, ko ya kwaso lalatattun fayiloli. A duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. In ya nuna gargaɗi, gara a ceci takardu da hotuna a girka sabuwa.

Kwafin kan ɗauki awa ɗaya ko fiye ta USB 2.0. Ɗaukewar wuta ba ta cika taɓa bayanan tsohon faifan ba, tunda karanta shi kawai ake yi, amma aiki ya koma farko. Laftop mai mataccen batir sai an nema masa wuta tsayayya. A zafin Afrilu da Mayu, NVMe kan rage gudu da kansa in ya yi ɗumi sosai, don haka a kaɗe ƙurar fanka tun da an riga an buɗe.

In an gama, a cire tsohon, a tayar da SSD shi kaɗai. Shuɗin allo mai cewa ba a ga faifan tayarwa ba yakan zo ne in an sauya AHCI, wato saitin yadda kwamfuta ke magana da faifan SATA, a BIOS, ko an koma NVMe da Windows 7, wadda ba ta zo da direbansa ba. A Windows, in umarnin fsutil behavior query DisableDeleteNotify ya ba da 0, alama ce TRIM, wato tsarin da ke sanar da SSD bayanan da aka goge, na aiki. Tsohon faifan a bar shi mako ɗaya ba a goge ba, daga baya ya shiga ramin DVD ko akwatin USB ya zama ma'ajiya.