Bo-Kaap

Bo-Kaap unguwa ce a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wadda ke shimfiɗe a gangaren dutsen Signal Hill, sama da tsakiyar birni. Sunan daga harshen Afrikaans yake, ma'anarsa "saman Kaap", wato ɓangaren gari da ke bisa tudu. A da an fi kiranta Unguwar Malay. Tana cikin tsofaffin unguwannin zama na birnin waɗanda har yanzu gidajensu na asali ke tsaye, kuma a cikinta ne masallacin farko na Afirka ta Kudu yake. Maziyarta sun fi saninta da gidajenta masu fenti kala-kala, amma fentin baƙo ne idan aka gwada shi da shekarun unguwar.

Wuri

Titin Buitengracht ne ya raba Bo-Kaap da tsakiyar birni. Daga nan tituna irin su Wale, Dorp da Longmarket suke hawa tudu, Rose da Chiappini kuma su ratsa su a kwance. Wasu titunan har yau daɓen duwatsu ne. Dutsen Signal Hill, mai tsayin kusan mita 350, shi ya tokare unguwar daga baya, ya hana ta faɗaɗa. A kansa akwai igwar da ake harbawa da ƙarfe 12 na rana, ban da Lahadi da ranakun hutu.

Asali

Kamfanin kasuwanci na Turawan Holan, VOC, ya kafa zango a Kaap, wato inda birnin Cape Town yake yanzu, a 1652 domin jiragen ruwansa masu zuwa Gabas su riƙa samun ruwa da abinci. Daga 1658 aka fara kawo bayi. Rukunan farko daga gaɓar yammacin Afirka aka kwaso su, amma yawancin waɗanda suka biyo baya sun fito ne daga Indiya, Sri Lanka, tsibiran Indonesiya, Madagaska da Mozambik. Ban da bayi, kamfanin ya mayar da Kaap wurin jefa sarakuna da malaman da suka yi masa tawaye a Indonesiya. Harshen Malay shi ne na kasuwanci a waɗancan tsibirai, kuma ya zama ɗaya daga cikin harsunan da bayi ke fahimtar juna da su. Daga nan Turawa suka riƙa kiran duk Musulmin Kaap da "Malay", ko da kakansa daga Bengal ya fito ko daga Mozambik.

A wajajen 1760 wani Bature mai suna Jan de Waal ya sayi fili a gindin dutsen, tsakanin titunan Dorp da Wale na yanzu. Daga 1763 ya fara gina ƙananan gidajen haya, masu hawa ɗaya da rufi shimfiɗaɗɗe, kowanne da dakali a gaba. Wurin ya ɗauki sunansa na wani lokaci, ana ce masa Waalendorp. Ɗaya daga cikin gidajen wancan zamani yana nan a lamba 71 a titin Wale, kuma shi ne gidan tarihin unguwar tun 1978.

Masu hayar farko gauraye suke: Turawa masu ƙaramin ƙarfi, 'yantattun bayi, da masu sana'ar hannu irin su magina, kafintoci, teloli da masunta.

Tuan Guru da masallacin Auwal

Dokar kamfanin ta hana yin kowane addini a fili in ba cocin Holan ba, don haka fiye da shekara ɗari Musulmin Kaap a cikin gidaje suke sallah da karatu. Wanda ya fitar da al'amarin sarari shi ne Imam Abdullah ibn Ƙadi Abdus Salam, ɗan sarauta daga tsibirin Tidore na Indonesiya, wanda aka fi sani da Tuan Guru, wato "malam babba". An kawo shi Kaap a 1780 bisa zargin haɗa baki da Ingilishi a kan Turawan Holan, aka tsare shi a tsibirin Robben, inda daga baya Nelson Mandela ya yi zaman kurkuku. A tsare ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya kuma rubuta littafi kan tauhidi da fiƙihu wanda ya daɗe yana zama abin karatun Musulmin Kaap.

Da aka sake shi, a 1792 ko 1793, ya zauna a titin Dorp, ya buɗe makarantar allo a cikin wani ɗakin ajiya na gidan Coridon van Ceylon, 'yantaccen bawa wanda ya mallaki fili a wurin. Ɗaliban 'ya'yan bayi ne da na 'yantattu, kuma cikin 'yan shekaru sun kai ɗaruruwa. Kafin a samu izinin masallaci, ana yin sallar Juma'a a filin Allah, a wani ramin fasa dutse da ke gefen titin Chiappini. A wannan gida na titin Dorp ne masallacin Auwal ya tsiro. Shekarar 1794 ce aka fi ambata a matsayin shekarar kafa shi, ko da yake wasu masana tarihi suna ɗan matso da ita gaba, zuwa bayan da Ingilishi suka karɓe Kaap a 1795. Filin ya koma hannun Saartjie van de Kaap, mace daga iyalin Coridon, kuma ita ce ta bar shi ya dawwama a matsayin masallaci.

Tuan Guru ya rasu a 1807. A shekarun 1980, ana cikin gyaran masallacin, aka tarar da ɗaya daga cikin kwafin Alƙur'anin da ya rubuta a ɓoye a ƙarƙashin rufi. Yana ajiye a masallacin.

Bayan 'yanta bayi

An ba da 'yancin addini a Kaap a 1804, lokacin da Turawan Holan suka ɗan dawo kan mulki, kafin Ingilishi su sake karɓewa a 1806. An soke bauta a ranar 1 ga Disamba 1834, amma aka tilasta wa bayi ƙarin shekara huɗu na aiki a hannun iyayengijinsu, sai a 1838 suka samu kansu. Da yawa sun nufi gangaren dutsen, inda haya ke da sauƙi kuma akwai masallaci da makaranta. Masu filaye suka yi ta jera gidaje masu haɗe da bango, ƙofa kusa da ƙofa. Yawancin gidajen da ake gani yau an gina su ne kafin 1850, tsarinsu ya haɗa na Holan da na Ingila.

Masallatai ma suka ƙaru, sau da yawa saboda saɓani kan wanda zai gaji limanci. Nurul Islam, wanda ɗan Tuan Guru ya jagoranci kafawa, ana sa shi a 1844, wasu kuma su ce 1834. Masallacin Jamia na titin Chiappini ya biyo baya a wajajen 1850. Rigingimun limanci sun kai har gaban kotunan Turawa, abin da ya sa gwamnatin Ingila ta roƙi sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya turo malami. Abubakar Effendi ya iso a farkon 1863. Shi Bahanafe ne, mutanen da ya tarar kuma Shafi'awa, sai zuwansa ya buɗe wani sabon babi na gardama. Wadda aka fi tunawa ita ce fatawarsa ta haramta cin wani babban jatan lande na teku, a garin da masunta suka yi yawa. Duk da haka ya bar abin da ya fi gardamar daɗewa: littafinsa Bayanud Din, wanda aka buga a Istanbul a 1877, da harshen Afrikaans amma da haruffan Larabci. Ajami ne sak, irin wanda malaman ƙasar Hausa suka yi amfani da shi, kuma rubuce-rubucen makarantun Kaap na wannan salo suna cikin tsofaffin abubuwan da aka rubuta da Afrikaans. Ana kuma danganta masa yaɗuwar jar dara a kawunan mazan Kaap.

Tana Baru

A can saman titin Longmarket akwai maƙabartar Tana Baru, "sabuwar ƙasa" da harshen Malay. Hukuma ta ba Musulmi filin a 1805, ko da yake an riga an fara binne mutane a wurin. Kabarin Tuan Guru da na Abubakar Effendi duk suna ciki.

Bayan annobar agana ta 1882, gwamnati ta yi dokar lafiya a 1883, wadda a ƙarƙashinta aka rufe maƙabartun cikin gari a watan Janairu 1886. Sabon filin da aka nuna yana da nisa, Musulmi kuma a kafaɗa suke kai gawa. Ranar 17 ga Janairu, kwana biyu da rufewa, mutum kusan 3,000 suka ɗauki gawar wani yaro suka hau da ita Tana Baru suka binne. An yi arangama da 'yan sanda, aka kama mutane, ciki har da Abdol Burns, direban keken doki wanda ya jagoranci koke-koken. Maƙabartar ba ta sake buɗewa ba, amma ba a tashe ta ba.

Ƙarni na 20

Zuwa shekarun 1930 gidaje da yawa sun lalace, cunkoso ya yi yawa. Dokar unguwannin marasa galihu ta 1934 ta ba majalisar birni damar ƙwace gidaje, ta kuwa mallaki kaso mai yawa na unguwar da niyyar rushewa. A ƙarshen shekarun 1930 zuwa farkon 1940 ta gina benayen haya na Schotsche Kloof a saman gangaren. A 1943 wasu fitattun Turawa, cikinsu har da marubucin waƙoƙin Afrikaans I. D. du Plessis, suka kafa ƙungiyar kare unguwar, aka gyara gidaje goma sha biyar. A 1966 aka ayyana wani sashe a matsayin wurin tarihi na ƙasa.

Dokar raba unguwanni bisa launin fata ta 1950 ta iso Bo-Kaap a 1957, aka keɓe ta ga "Malay" kaɗai. Baƙaƙe, Indiyawa da Kiristoci da suka daɗe a wurin dole suka tashi. Wannan keɓewa ce kuma ta tsare unguwar daga abin da ya sami District Six, a ɗaya gefen birni, wadda aka ayyana ta Turawa a 1966, aka kwashe mutum fiye da 60,000, aka bi gidajensu da katafila. Masana sun rabu kan du Plessis: wasu na ganin shi ya ceci gidajen, wasu na ganin ya taimaka wa gwamnatin wariya ta ƙera ƙabilar "Malay" domin raba ta da sauran waɗanda ake zalunta. Mazauna da dama sun fi son a ce musu Musulmin Kaap.

Fentin gidaje

Labarin da 'yan rakiyar maziyarta ke bayarwa shi ne, a zamanin haya fari kawai aka yarda a shafa, da mutane suka mallaki gidajensu sai kowa ya zaɓi launinsa. Wasu sun ce al'adar gyaran gida ce kafin sallah. Launuka masu ƙarfi da ake gani yanzu sun yaɗu ne a ƙarshen ƙarni na 20.

Al'ada

Kalmomin Malay sun saura a bakin mutane: buɗa-baki "boeka" ne, sallar idi kuma "labarang". A daren sha biyar ga azumi ana dafa "boeber", wani kunun madara mai zaƙi. Akwai masallatai kusan goma a cikin unguwar da kewayenta.

Halin yanzu

Ƙidayar 2011 ta nuna mazauna kimanin 3,200. Tun bayan ƙarshen mulkin wariyar launin fata a 1994 kowa na iya sayen gida a Bo-Kaap, kuma kusancinta da tsakiyar birni ya ɗaga farashi da harajin gidaje, har wasu tsofaffin iyalai suka sayar suka tashi. A azumin 2018 mazauna sun yi zanga-zangar adawa da dogayen benaye, suka riƙa shimfiɗa buɗa-baki a tsakiyar titin Wale. A watan Maris 2019 majalisar birni ta sa unguwar ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi, a wannan shekarar kuma gwamnatin ƙasa ta ayyana wurare 19 a cikinta a matsayin kayan tarihi na ƙasa, har da masallacin Auwal da Tana Baru.